Ɗan gida da baƙo: abin da tarihin Mena ke faɗa wa filayen Damargu

 Yau hirarmu ta ƙwallo ce, amma tarihi za mu taɓo, saboda gardamar da ake yi a fadojinmu duk lokacin gasar babban hutu tsohuwar gardama ce: wa za a sa a fili, yaron unguwa ko wanda aka ɗauko daga waje? Wa zai riƙe ƙungiya, malamin da ya raine su ko baƙo mai suna?

Mu koma 2010. A watan Oktoba na shekarar, Masar ta zo Yamai tana riƙe da kofin Afirka sau uku a jere: 2006, 2008 da 2010. A filin Seyni Kountché, Mena ta ci ta ɗaya da nema, Moussa Maazou ne ya jefa ƙwallon. Mai horaswa a ranar ɗan ƙasa ne, Harouna Doula. Bayan nan Saliyo ta zo ta sha kashi, Afirka ta Kudu ma ta sha biyu da ɗaya. Wasa uku a gida, nasara uku. Wasa uku a waje kuwa, duka aka ci mu.

Ranar ƙarshe, a Oktoban 2011, abin dariya ya faru. Masar ta ci mu uku da nema a Alƙahira. Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo, ƴan wasanta suka shiga rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye zai fid da su. Ashe doka ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon da aka yi tsakanin juna ake dubawa. Ƙasashe uku na da maki 9 kowace, Nijar ce a sama. Haka Mena ta samu zuwa gasar kofin Afirka karo na farko a tarihinta. A ƙarshen shekarar, hukumar CAF ta zaɓi Harouna Doula gwarzon mai horaswa na Afirka.

To, daga nan ne fa labarin ya juya. Kafin gasar 2012, hukumar ƙwallon ƙasa ta ɗauko Bafaranshe Rolland Courbis, aka ce mai ba da shawara ne. Wasan farko Gabon ta ci mu biyu da nema a Libreville, sai kawai aka janye Doula gefe, aka miƙa wa baƙon ragama. Me ya biyo baya? Tunisiya ta ci mu biyu da ɗaya, Maroko ɗaya da nema. Muka dawo ba maki ko ɗaya. A 2013, da Bajamushe Gernot Rohr, an sake zuwa, aka samo maki ɗaya tal, canjaras da Kongo. Ba mu ce baƙi ba su iya aiki ba. Amma mutumin da ya kai mu bakin kogi, kuskuren wasa ɗaya ya isa a ƙwace masa kwalekwale?

Ku dubi gasar CHAN, wadda ƴan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin cikin gida kaɗai ke shiga. A 2011 a Sudan, bayan ta fitar da Najeriya a share fage, Mena ta kai zagayen ƴan takwas. A farkon 2023 a Aljeriya, ta ci Kamaru, ta ci Gana biyu da nema, ta kai kusa da ƙarshe. Gaskiya Aljeriya ta yi mana biyar da nema, ba ma ɓoyewa, amma Nijar ta ƙare ta huɗu. Duka biyun, Harouna Doula ne a benci, kuma yaran gida ne a fili. Manyanmu ma suna tuna 1984, lokacin da Espoir ta Damagaram ta ɗauki kofin ƙasa, shekara guda bayan Jangorzo ta Maraɗi. Wato ƙwallo ba a Yamai kaɗai take tsira ba.

Yanzu mu dawo gida, don laifin da muke ɗora wa manya muna yin irinsa. Mun sha gani: yara sun yi wata biyu suna atisaye cikin rairayi, wasu ba takalmi, da safe suna gona suna noman gero, da yamma suna fili. Su suka kai ƙungiya wasan ƙarshe. Ranar kofi sai mai kuɗin unguwa ya aiko mota Damagaram, a kwaso ƴan haya uku ko huɗu, a zaunar da yaranmu. Mu kuma ƴan kallo, mu ne masu ihu: "A cire shi! A kawo gwani!" In an ci kofi, ɗan haya ya karɓi kuɗinsa ya hau mota. Yaron da aka zaunar fa? Wani ya bar ƙwallo ke nan, baɗi sai ka ji ya bi hanyar Agadas.

Ai muna da misali a kokowa. Mai neman takobin ƙasa daga garinsu yake farawa, ya ka da na yankinsa, kafin ya sa rigar jiha. Shi ya sa in ya yi nasara, har tsohuwar da ba ta taɓa zuwa fili ba sai ta yi guɗa.

Roƙonmu ga masu shirya gasa a Tanut da Balbeji: a rubuta sunayen ƴan wasa tun ranar farko, kada a ƙara kowa a tsakiya. Malaman lakwal da ke horas da yara kyauta, a yi musu haƙuri in an ci su wasa ɗaya. Mu kuma ƴan kallo, mu rage baki kaɗan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana yaranmu. Sai mun ji daga gare ku.