Sarauniyar Lugu: Daga Ɗakin Tsafi Zuwa Fagen Siyasar Yamai

Al'ummomi da dama kan ɗauko wanda suke girmamawa a addini ko a tarihin baka su shigar da shi rigimar mulki, kamar yadda aka yi a Indiya da Rama, gwarzon da mabiya addinin Hindu suke bauta wa, inda taƙaddama kan mahaifarsa a garin Ayodhya ta kai ga rushe masallacin Babri a 1992, sannan aka buɗe wurin bauta a filin a 2024. A Nijar, wadda ta fi kusa da wannan matsayi ita ce Sarauniya Mangu ta Lugu, wani ƙauye a ƙasar Arewa, cikin yankin Dogondutsi.

Sarauniya a Lugu sarauta ce ta addinin gargajiya wadda mace ke riƙewa a tsakanin Azna, wato Hausawan da suka ci gaba da bautar iskoki, kuma aikinta ya shafi tsafin ƙasa da roƙon damina, ba jagorancin mayaƙa ba. Bisa al'ada, mai riƙe da sarautar takan zauna a keɓe cikin ɗakinta, yayin da ake kai ƙararraki gaban dutsen shari'a mai suna Tunguma. A watan Afrilun 1899 ne rundunar Faransa, ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine, ta auka wa Lugu a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi, mutanen garin suka yi turjiya kafin su janye cikin daji, aka ƙone ƙauyen, rundunar kuma ta wuce ta yi mummunan kisa a Birnin Ƙonni. Rubuce-rubucen Faransawan ba su ba Sarauniya Mangu fiye da 'yan layuka ba, inda suka kira ta tsohuwar mayya.

Wanda ya mayar da ita jarumar ƙasa shi ne Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wanda ya yi gudun hijira a zamanin mulkin Diori Hamani, ya kuma sha ɗauri a zamanin mulkin Seyni Kountché. A littafinsa na ƙagaggen labari da ya fito a 1980, ya siffanta ta da matashiya mai kwari da baka, wadda ta tsaya wa Turawa alhali sarakunan da ke kewaye da ita, har da na Musulmi, sun ja da baya ko sun haɗa kai da baƙi. Wannan siffa ta ɗauki nauyin siyasar marubucin, domin Sawaba ce ta nemi a ƙi tsarin De Gaulle na Faransa a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958, kuma ta sha kaye. Da Med Hondo, ɗan Mauritaniya, ya tashi mayar da littafin fim, aikin bai yiwu a Nijar ba, sai Burkina Faso ta Thomas Sankara ta karɓe shi, fim ɗin ya fito a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987.

Daga baya sunan Sarauniya ya samu gindin zama, har aka raɗa shi ga makarantar sakandare a Doso da gidan rediyo da talabijin a Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, da ficewar sojojin Faransa a ƙarshen shekarar, hukumomi sun ƙirƙiro lambar yabo ta 'yancin ƙasa mai ɗauke da sunanta, sannan a Oktoban 2024 aka sauya sunan titin De Gaulle na Yamai zuwa na Djibo Bakary.

Abin lura shi ne, wadda ake ɗaukakawa a Yamai ita ce mayaƙiyar da Mamani ya zana, ba mai tsafin Lugu ba, domin a ƙasar da kusan dukan jama'arta Musulmi ne, turjiya ga Faransa ta fi sauƙin karɓuwa a kan addinin da turjiyar ta tsiro daga cikinsa. Saɓanin Indiya, inda siyasa ta ƙarfafa bautar Rama, a Nijar siyasa ta ɗauki sunan ta ajiye bautar, don haka darajar Mangu take ƙaruwa a daidai lokacin da mabiya addinin nata suke raguwa a ƙasar Arewa.