Madigadin keke a ruwan Landan: bayani ga masu hawa a Abbey Wood da kewaye



Duk wanda ya tashi a zango ya san keken dattawanmu: baƙin Raleigh ko Phoenix, da kariya a baya, da ƙararrawa, da marfin sarƙa, da madigadin ƙarfe da ya lulluɓe kowace taya tun daga sama har kusa da ƙasa. Malam zai hau shi da farar riga a Nima ko Aboabo, ko a titunan Tamale, ya sauka rigarsa fes. A wancan lokaci madigadi ba abin da ake saya daban ba ne, da shi keke ke zuwa. Yau a Ingila yawancin kekunan wasanni da na hawan dutse tsirara ake sayar da su, sai mai keke ya nemi madigadi da kansa. Samarinmu da yawa ba su nema, wai yana ɓata wa keke kyau. Wannan bayani domin su ne, da kuma iyayen da ke saya wa yara keken zuwa makaranta.

Me ya sa a nan

Abbey Wood unguwa ce a kudu maso gabashin Landan, rabi a ƙaramar hukumar Greenwich, rabi a Bexley, kuma 'yan Afirka ta Yamma da dama na zaune a cikinta da maƙwabciyarta Thamesmead. Tun da aka buɗe layin jirgin ƙasa na Elizabeth ranar 24 ga Mayu, 2022, tashar Abbey Wood ta zama ƙofar shiga tsakiyar gari. Thamesmead kuwa ba ta da tashar jirgi ko ɗaya, don haka mai zuwa aiki daga can sai dai bas ko keke zuwa tasha. Ga kuma masu kai abinci gida-gida, waɗanda keke ne ofishinsu.

Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne ruwan Landan bai kai namu yawa ba. A shekara yakan tashi kusan milimita 600, na Kumasi kuwa ya ninka haka har da ɗoriya. Bambancin yana wajen yadda yake sauka. A gida ruwa zai zo da ƙarfi, kowa ya fake a rumfa, ya ɗauke, rana ta fito ta busar da titi. A nan yayyafi ne ba damina ba rani, kuma daga Oktoba zuwa Fabrairu rana ba ta da ƙarfin busar da komai. Sai ruwa ya ɗauke tun asuba amma kwalta ta wuni a jiƙe. Wato mai keke zai yi kwanaki yana jiƙewa alhali ko ɗigo bai sauko masa daga sama ba. Daga ƙasa ruwan ke zuwa, kuma ba ruwa ne mai tsabta ba: akwai baƙin mai na motoci, da yashi, da ruɓaɓɓen ganye, da abin da karnuka suka bari, da gishirin da hukuma ke barbaɗawa a titi lokacin sanyi don kada ƙanƙara ta kama.

Yadda taya ke watsa ruwa

Taya na ɗebo ruwa daga ƙasa, tana juyawa tana cilla shi. Saman taya yana tafiya da ninki biyu na gudun keken, shi ya sa ruwan ke tashi da ƙarfi haka. Ta baya ita ke zana baƙin layin nan daga kwankwaso zuwa ƙeya, wanda duk wanda ya gan ka a jirgi ya san da keke ka zo. Ta gaba ta fi ɓarna, ko da yake mutane sun fi damuwa da ta baya. Bayanta yana feshin takalmi da safa da sarƙa da boris ɗin feda. Samanta kuma yana jefa ruwa gaba, iska ta tare shi, kai kuma ka shiga cikinsa da fuska. Rigar ruwa za ta kare jiki, amma ba za ta kare sarƙa ba. Yashi da gishiri in sun haɗu da man sarƙa sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙar da haƙoran giya, tsatsa kuma ta ƙarasa sauran.

Keken zuwa aiki

Ga wanda hanyarsa kwalta ce, kamar Harrow Manorway zuwa tasha, ko hanyar bakin kogin Thames ta Woolwich zuwa Erith, ko Ridgeway da ta bi saman babban magudanar da Joseph Bazalgette ya gina daga Plumstead zuwa Crossness, shawararmu ɗaya ce: dogon madigadi, gaba da baya. Shi ne irin na dattawa, sai dai yanzu an fi yin sa da roba mai ɗan ƙarfe a ciki, irin na kamfanin SKS na Jamus, ko da alminiyam. Ana ɗaure shi da noti, kuma wasu siraran sanduna na riƙe shi daga gefen taya.

Kafin ka saya, duba abu uku a jikin kekenka. Na farko ƙananan ramukan noti kusa da inda taya ke shiga, gaba da baya. In babu su, akwai 'yan maɗauran ƙarfe masu kama da harafin P da ake zagaya wa bodi su maye gurbinsu. Na biyu faɗin taya, wanda a rubuce yake a gefenta, misali 700x32 ko 700x35, lambar ƙarshe ita ce faɗin a milimita. Madigadi ya fi taya faɗi da kamar milimita 10, wato taya mai 35 ta samu madigadi mai 45. In ya yi daidai da taya, ruwan zai riƙa tsallakowa ta gefe, ka yi asarar kuɗi. Na uku sarari tsakanin taya da bodi. In ɗan yatsa ba ya shiga, dogon madigadi ba zai zauna lafiya ba, sai ka koma ga irin wanda ake maƙalawa da igiyar roba, kamar Raceblade. Ba ya rufewa duka, amma da babu gara ba daɗi.

Akwai wani ƙaramin abu da ake rainawa, shi ne leɓen da ke rataye a ƙarshen madigadi. Na gaba shi ke hana takalmi jiƙewa, kuma yawancin waɗanda ake sayarwa gajeru ne. Ba sai an saya ba. A yanka robar jarkar madara ko tsohuwar taya, a huda, a ɗaure da noti, ya sauko har ya rage kamar faɗin hannu ya taɓa ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama wurin mai faci a gida zai yi wannan cikin minti goma. Na baya kuwa ba don kanka ba ne, don wanda ke biye da kai ne, shi ya sa ƙungiyoyin masu keke da dama a Ingila ke neman kowa ya sa dogon madigadi in za a fita tare lokacin sanyi.

Ɗan guntun roban nan da ake soka wa ƙarƙashin sirdi, wanda samari ke so don ba ya nauyi, wando kawai yake ɗan karewa. Ƙafa da fuska da sarƙa duk suna nan a buɗe.

Keken hawan dutse

A kudancin layin jirgi ƙasa ta canza. Nan tudu ne da daji: Lesnes Abbey Woods, inda kangon gidan ibadar da Richard de Luci ya kafa a 1178 yake, wanda daga shi unguwar ta samo suna, sai Bostall Woods a yamma, da gangaren Knee Hill a tsakani. Ba kowace hanya ce a dajin aka yarda keke ya bi ba, a karanta allunan da ke bakin shiga.

A cikin laka lissafin ya juye. Tayar keken dutse mai faɗi ce, mai ƙuraje, tana kwasar taɓo da ganye da tsinke. In ka sa mata dogon madigadi mai matsewa, taɓon zai cushe a tsakani har taya ta daina juyawa. Don haka gajere ake sa wa, mai nisa da taya. A gaba, ɗan faifan roba da ake ɗaurawa a gadar da ta haɗa ƙafafun shoka, ya hana laka shiga ido, ya kuma kare robar bakin shokar daga yashi, wadda gyaranta ke da tsada. A baya, ko mai kama sandar sirdi, ko mai tsawo irin na Mudhugger da ke zama a kan bodi ya bi taya. Mai kama sandar sirdi yakan karkace, kuma in ya yi nisa da taya sosai ba ya tare komai. Inda za a ɗaura igiya a liƙa salatif tukuna, in ba haka ba yashi zai goge fentin.

Sai dai mu faɗi gaskiya: yawancin kekunan dutsen da muke gani a ɗaure a tasha ba su taɓa shiga daji ba, an saye su ne don araha da ƙarfi. In naka haka yake, ka ɗauke shi keken zuwa aiki. Duba girman taya, 26 ne ko 27.5 ko 29, ka nemi dogon madigadi mai faɗin milimita 60 zuwa 65. In har za ka iya, canza tayar zuwa mai sulɓi, domin ƙurajen nan sun fi watsa ruwa.

Inda hatsarin yake

Madigadin gaba da aka ɗaura ba daidai ba yana iya kayar da mutum. In tsinke ko ɗan reshe ya shiga tsakaninsa da taya, sai ya naɗe, ya kulle tayar nan take, mai keke ya wuntsila ta kai. A gangare irin na Knee Hill ko Bostall Hill, lokacin da ganye ke zuba, ga motoci a baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka madigadai masu kyau ke zuwa da 'yar robar da ke riƙe sandunan gaba, wadda ke sakin su da kanta in wani abu ya maƙale. Kada a jefar da ita wajen ɗaurawa don ana ganin noti ya fi ƙarfi. Sandunan da suka yi tsawo a yanke su, a rufe bakinsu da hular robarsu, don suna yankan ƙafa. A kuma gwada juya kan keke a hankali a ga ko bakin takalmi na taɓa madigadin. In ka ji yana gogar taya ko yana kaɗawa, tsaya ka ɗaure, noti ne ya kwance.

Dokar Birtaniya ba ta tilasta sa madigadi ba. Cikin abin da ta tilasta daga faɗuwar rana zuwa fitowarta akwai farar fitila a gaba, ja a baya, da jan madubi mai ƙyalli a baya. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, wato yaron da ya tsaya wasa bayan makaranta cikin duhu zai dawo. Madigadin da ke kama sandar sirdi yakan tare fitilar baya, ko laka ta rufe ta. Bayan an ɗaura, wani ya tsaya daga baya ya duba ko ana ganinta.

Wanda ba shi da sifana ko bai amince da hannunsa ba, shagon keke zai ɗaura masa. Ƙananan hukumomin Landan kuma kan shirya zaman duba keke kyauta da ake kira Dr Bike, inda bakanike zai duba birki da noti, ya gaya maka ko kekenka zai ɗauki dogon madigadi kafin ka kashe ko fam ɗaya.