Kalmar "Cull": Daga Tsinkar Fure Zuwa Kashe Garke

Kalmar Ingilishi "cull" tana cikin kalmomin da tarihi ya juya wa ma'ana. Asalinta daga Latin ne, daga "colligere", watau tattarawa. Ta ratsa ta tsohon Faransanci, ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 14. Har yanzu 'yar'uwarta a Faransanci, "cueillir", tana nufin tsinkar fure ko 'ya'yan itace.

A farkon shigarta, abin da aka tsince shi ne abin so. Mutum yakan tsinci furanni mafi kyau daga lambu, marubuci kuma yakan tsinci zantuka masu ma'ana daga littattafai ya haɗa su wuri guda. Wannan ma'ana tana nan, amma ta koma ta masu ilmi.

Makiyaya ne suka juya ta. Mai tumaki yakan duba garkensa, ya ware tsofaffi da marasa ƙarfi, ya sayar ko ya yanka, domin irin ya inganta. Daga nan abin da aka tsince ya zama abin da ba a so. A ƙarni na 20 hukumomi suka ɗauki kalmar don rage yawan namun daji. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu, an kashe giwaye fiye da 14,000 tsakanin 1967 da 1994 da wannan suna.

Sa'an nan annoba ta ƙara faɗaɗa ta. A 2001, da cutar baki da kofato ta ɓarke a Birtaniya, an hallaka dabbobi fiye da miliyan 6, da yawa daga cikinsu lafiyarsu ƙalau, sai dai suna maƙwabtaka da masu ciwo. A Fabrairun 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna, wannan kalma ce aka yi amfani da ita a takardun hukuma wajen kashe kaji.

A nan ne nauyi ya hau kan mai fassara. Idan ya ce "zaɓe" ko "tsincewa", manomi ba zai gane kajinsa za a kashe ba. Idan ya ce "kisa" kawai, ya zubar da sharaɗin da ke cikin kalmar, watau ana yi ne bisa ƙa'ida da dalili. Wajibi ne sanarwa ta faɗi wace dabba za a kashe, don me, da kuma diyyar da mai ita zai samu.