Wa'azin Minti Ashirin: Thomas Arnold da Tarbiyyar Ɗalibai a Makarantar Rugby

A shekarar 1797, ɗaliban makarantar Rugby da ke tsakiyar Ingila suka sa albarushi suka fasa ƙofar shugaban makarantarsu, suka tara tebura da littattafai suka banka musu wuta. Tarzomar ba ta lafa ba sai da aka kira sojoji. A 1818 ma sojoji aka kawo makarantar Winchester don su kwantar da boren ɗalibai. A Eton kuwa, shugaban makarantar, John Keate, ya taɓa yi wa yara kusan tamanin bulala cikin dare ɗaya a 1832. Waɗannan su ne manyan makarantun kwana na Ingila, inda sarakuna da attajirai ke kai 'ya'yansu, kuma daga cikinsu ake samun ministoci da alƙalai da hafsoshin soja.

Tushen matsalar a bayyane yake. Malami yakan shiga aji ya koyar da Latin da Girkanci, ya hukunta wanda bai haddace ba, ya koma gidansa. Sauran sa'o'in yini da na dare na yara ne, su da dokokin da suka kafa wa kansu. Babba yana bautar da ƙarami, mai ƙarfi yana cin zalin mara ƙarfi, shan giya da caca ba baƙin abu ba ne, kuma yi wa malami ƙarya ba abin kunya ba ne a idon ɗalibi. Malamai da ɗalibai suna zaune cikin katanga ɗaya kamar rundunoni biyu masu gaba da juna.

Irin wannan gida Thomas Arnold ya gada lokacin da ya zama shugaban Rugby a 1828. Shekara goma sha huɗu kawai ya yi a kan kujerar, amma har yau sunansa na cikin na farko da ake ambata idan ana maganar tarbiyya a makarantun Ingila. Ya yi gyare-gyare da dama, sai dai wanda ya fi tasiri a zukatan ɗalibansa shi ne mafi sauƙin faɗa: ya ɗora wa kansa nauyin yi musu magana da bakinsa, kowane mako, a kan halinsu.

Mutumin da aka ba wa makarantar

An haifi Arnold a 1795 a garin Cowes. Ya yi karatu a Winchester, don haka ya ɗanɗani rayuwar makarantar kwana tun yana yaro, sannan ya wuce Jami'ar Oxford, inda ya yi fice a ilmin harsuna da tarihi. Bayan nan ya zauna a ƙauyen Laleham yana karantar da samari kaɗan a gidansa, yana shirya su don shiga jami'a. A can ya saba da zama da ɗalibi a ci abinci tare, a yi tafiya tare, a yi muhawara. Da kujerar Rugby ta faɗi, wani malamin Oxford mai suna Edward Hawkins ya rubuta masa takardar shaida yana cewa idan aka zaɓe shi zai sauya fuskar ilmi a dukan manyan makarantun ƙasar.

Arnold bai ɓoye jerin abubuwan da yake nema daga ɗalibi ba. Na farko addini da kyawun hali, na biyu ɗabi'ar mutumin kirki, ƙwazon karatu kuma shi ne na uku. Ba wai ya raina karatu ba ne, domin shi da kansa yake koyar da ajin ƙarshe, kuma ya ba Faransanci da lissafi da tarihin zamani gurbi a jadawalin da Latin da Girkanci suka mamaye. Abin da ya yi imani da shi shi ne, yaro mai kaifin basira wanda ba shi da gaskiya ya fi daƙiƙi haɗari ga jama'a.

Ya fara da malamai. Ya ƙara musu albashi, ya nemi su bar wasu ayyukan coci da suke haɗawa da koyarwa, ya riƙa zama da su a kai a kai don shawara. Gidajen kwanan ɗalibai da a da wasu mutanen gari ke riƙewa, ya mayar da su hannun malamai sannu a hankali, don kowane yaro ya kasance ƙarƙashin idon wanda ya san shi a aji.

Mumbarin ranar Lahadi

A 1831 kujerar limamin cocin makarantar ta zama babu kowa. Arnold, wanda shi ma malamin coci ne, ya nemi hukumar makarantar ta ba shi aikin, ya kuma yafe albashinsa. Hujjarsa ita ce, wanda ke riƙe da makaranta shi ne ya kamata ya riƙe tarbiyyar 'ya'yanta, bai dace a ware ta a miƙa wa wani ba. Daga lokacin har rasuwarsa, kusan kowace Lahadi da yamma a lokacin karatu, shi yake hawa mumbari.

Wa'azin gajere ne, kimanin minti ashirin. Yawanci yakan rubuta shi a ranar, tsakanin ibadar safe da ta yamma, don haka abin da ya faru a makarantar cikin makon yana nan ɗanye a ransa. Wannan shi ya bambanta shi da abin da yara suka saba ji. Yana magana ne a kan ɗakin kwana da filin wasa da ajin da suka baro jiya. A wani wa'azi da ya shahara, ya lissafa hanyoyi shida da makaranta ke lalacewa: shaye-shaye da makamantansu, ƙarya da ta zama al'ada, zaluntar ƙanana, ƙin bin doka da gangan, lalaci, da haɗin baki a kan ɓarna. Na ƙarshen ya fi damunsa. Ya lura cewa yaro shi kaɗai yakan san daidai, amma da zarar ya shiga cikin 'yan'uwansa sai tsoron a yi masa dariya ya fi ƙarfin abin da zuciyarsa ta sani. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma kusan duk wa'azin Arnold yaƙi ne da wannan farin kan.

Tsofaffin ɗalibansa sun rubuta daga baya cewa ba duk maganarsa suke fahimta ba a lokacin, musamman ƙananansu. Abin da ya zauna musu shi ne ganin mutumin da suke tsoro a aji ya tsaya gabansu yana magana kamar wanda yake cikin gwagwarmaya ɗaya da su. An buga wa'azozin a littattafai tun yana raye, iyaye da sauran jama'a suka karanta abin da ake faɗa wa 'ya'yansu.

Maganar mumbari kaɗai ba za ta isa ba da bai haɗa ta da aiki ba. Ƙa'idarsa ita ce, idan ɗalibi ya faɗa masa magana, ya karɓa ba tare da neman shaida ba. A hankali sai ya zama abin faɗa a tsakanin yaran cewa abin kunya ne a yi wa Arnold ƙarya, tunda kullum yana yarda. 'Yan ajin ƙarshe kuwa, su kimanin talatin, ya ba su ikon kula da sauran ɗalibai har da hukunta su. Wannan tsari ba shi ya ƙirƙiro shi ba, ya same shi a Winchester da ma Rugby ɗin kanta. Sabon abin da ya kawo shi ne kusanci: yana koyar da su kullum, yana gayyatarsu cin abinci a gidansa, wasunsu har gidan hutunsa na Fox How a arewacin Ingila suke zuwa. Ta hannun waɗannan talatin ɗin yake fatan muryarsa ta isa inda ƙafarsa ba ta zuwa.

Inda aka samu tangarɗa

Hoton Arnold da aka fi sani ya fito ne daga alƙalamin masoyansa, saboda haka yana bukatar gyara. Bai hana bulala ba, bai kuma hana al'adar manya su sa ƙanana hidima ba. Yana saurin korar duk yaron da yake ganin zai ɓata wasu, ko da laifinsa bai kai na kora ba, abin da ya jawo masa fushin iyaye.

Akwai kuma wani al'amari a farkon shekarun 1830 da ya nuna iyakar ƙa'idarsa ta yarda. Wani yaro ya gaya masa inda ajinsu ya tsaya a darasi, Arnold ya ɗauka ƙarya yake yi, ya yi masa bulala mai tsanani a gaban 'yan ajin. Daga baya ta bayyana cewa yaron ne ke da gaskiya. Arnold ya nemi gafara a bainar jama'a, amma labarin ya kai ga jaridu, abokan hamayyarsa na siyasa suka daɗe suna yi masa gori da shi. Tsananin ƙin ƙarya ne ya sa shi zaluntar mai gaskiya.

Wata illar ta fi wannan ɓoyuwa. Arnold yana ganin ƙuruciya a matsayin mataki mai haɗari da ya kamata a gaggauta wucewa, saboda haka yana ɗora wa 'yan shekara goma sha bakwai nauyin rayukan wasu. Wasu sun ɗauka sun ƙaru. Wasu kuwa nauyin ya danne su. Misalin da ake yawan kawowa shi ne Arthur Hugh Clough, ɗaya daga cikin fitattun ɗalibansa, wanda ya zama mawaƙi daga baya, ya kuma shafe shekaru cikin shakka da tuhumar kai. A 1918 marubuci Lytton Strachey ya yi wa Arnold ba'a mai zafi a littafinsa kan manyan mutanen zamanin Sarauniya Victoria, yana nuna shi a matsayin mutumin da ya mayar da makaranta fagen tsoratarwa. Masana tarihi kuma sun nuna cewa wasu, irin su Samuel Butler na makarantar Shrewsbury, sun fara gyara tun kafin shi.

Abin da ya yaɗu da abin da ya tsaya

Arnold ya rasu farat ɗaya da ciwon zuciya ranar 12 ga Yuni, 1842, saura kwana ɗaya ya cika shekara 47. An binne shi a cocin makarantar. Littattafai biyu na tsofaffin ɗalibansa ne suka ɗaukaka sunansa: tarihin rayuwarsa da Arthur Stanley ya fitar a 1844, da ƙagaggen labarin Tom Brown na Thomas Hughes a 1857. Mutanensa kuma suka bazu. Charles Vaughan, ɗalibinsa, ya shugabanci Harrow. George Cotton, wanda ya koyar a ƙarƙashinsa, ya karɓi Marlborough a 1852, daga baya ya tafi Indiya ya kafa makarantu a kan wannan tsari.

Sai dai a hanyar yaɗuwar, kayan sun canja. Magadansa sun gano cewa wasannin ƙungiya hanya ce mai sauƙi ta riƙe ɗaruruwan yara, sai filin wasa ya zama wurin da ake cewa ana gina hali. Arnold kansa bai ba wasanni wannan matsayi ba. Duk da haka, Bafaranshen nan Pierre de Coubertin, wanda ya ziyarci Rugby a shekarun 1880, ya ɗauke shi uban tarbiyya ta hanyar wasanni, kuma da wannan fahimta ya farfaɗo da gasar Olamfik a 1896.

Wannan sigar ta baya ce ta iso Nijeriya tare da mulkin mallaka. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 kuma ta zama Kwalejin Barewa daga baya, an gina rayuwarta a kan salon makarantun kwana na Ingila: rarraba ɗalibai gida-gida, shugabanni daga cikin manyan ɗalibai, da wasanni irin su kurket. A nan Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa suka yi karatu. Duk wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan ya san ikon siniya a kan ƙaramin ɗalibi, ko da bai taɓa jin sunan Rugby ba.

Tsarin shugabannin ɗalibai abu ne da ake iya rubutawa a takarda a aika wata ƙasa, haka ma jadawalin wasanni da dokar hukunci. Abin da ba ya shiga takarda shi ne shugaban da ya san yaran da ya ba iko ɗaya bayan ɗaya, yake zama da su, kuma yake fitowa kowane mako ya faɗa wa makaranta gaba ɗaya abin da ya gani da abin da yake tsammani daga gare su. A Rugby, ikon manyan ɗalibai reshe ne na wannan hulɗa. Inda aka dasa reshen ba tare da ita ba, sau da yawa abin da ya tsiro shi ne zaluncin da Arnold ya zo kawarwa, sai dai yanzu da izinin hukuma.

Hanyar da shugaban makaranta zai bi ya isa ga ɗalibansa tana sauyawa da zamani da kuma addinin mutanen wurin: taron safe, wasiƙa, mujallar makaranta, ko saƙon waya. Sharuɗɗan da suka sa maganar Arnold ta yi tasiri kuwa ba su da alaƙa da mumbari. Yana yin ta a kan lokaci ba fashi, a kan abin da yaran suka sani ya faru, kuma suna da damar auna ta da halinsa a sauran kwana shida na mako. Ranar da ya saɓa mata ya doki mai gaskiya, a gaban yaran nan dai ya tsaya ya amsa laifinsa.