Juji na wa ne? Tarihin alhakin shara a biranen Nijar

Duk damina, da zarar magudanan ruwa sun toshe a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, sai tsohuwar gardama ta taso. Mutanen unguwa su ce ma'aikatar magajin gari ba ta kwashe shara, ma'aikatar kuma ta ce jama'a ne ba su da tarbiyya. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Amma wanda ya bi tarihin al'amarin zai ga cewa cikin shekara ɗari da ƴan kai alhakin shara ya sauya hannu sau da yawa, kuma a duk sauyin akwai abin da ya salwanta.

Kafin zuwan Nasara, abin da muke kira shara dukiya ce. Toka, kashin awaki da na kaji, ƙaiƙayi, guntayen kara, ruɓaɓɓen zana: duk a kan tara su a juji bayan gida, da bazara a loda a mangala, jakuna su kai gona. A kewayen Kano an daɗe da sanin wannan safara ta taki daga birni zuwa karkara, kuma manoman kewayen Damagaram da Maraɗi ba baƙi ba ne gare ta. Saboda juji yana da amfani, yana da mai shi. Uwargida ta share tsakar gida, yara su share ƙofar gida, sarkin fawa ya kula da mahauta, mai unguwa ya tsawata wa wanda ya ɓata hanya. Wannan ba ya nufin garuruwan da tsaf suke. Kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini suna tara ruwa da ƙazanta, annoba kuma ba ta yanke ba. Sai dai kowa ya san wanda za a tambaya.

Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899, ta zama hedikwatarsu daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Sun zo da tsoron shawara da zazzaɓin cizon sauro, don haka suka kafa aikin duba-gari. Ma'aikacin tsabta yana shiga gida, ya leƙa randa da tulu. In ya ga tsutsar sauro, mai gida ya sha tara, ko ma kurkuku, bisa umarnin kumandan. Fursunoni da ƴan aikin tilas su ke share hanyoyi, musamman na unguwar Nasara. An soke aikin tilas a 1946. Shekara guda kafin nan, ambaliyar Gulbi ta 1945 ta cinye tsohuwar Maraɗi, aka tayar da garin zuwa tudu, aka shata masa miƙaƙƙun hanyoyi masu faɗi. Abin da wannan zamani ya bari a zukatan mutane shi ne cewa cikin gida na mai gida ne, hanya kuwa ta hukuma ce, kuma ba a share ta sai an ga gardi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, aikin ya koma hannun ma'aikatun birni. Amma zamanin da dattawa suka fi tunawa shi ne na Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da aka farfaɗo da Samariya. An ɗauki tsohuwar al'adar gayya aka sa ta cikin tsarin gwamnati: a buga ganga, samari da ƴan mata su fito da tsintsiya da shebur, a share kasuwa da maƙabarta da bakin asibiti. Garuruwa sun yi fes, babu musu. To amma tsarin ya dogara ne ga umarni daga sama da ƙarfin matasa na kyauta. Bai bar wata hukuma mai kasafin kuɗi tsayayye ba. Da Samariya ta dusashe a zamanin Babban Taron Ƙasa na 1991, sai gayyar ta tafi da ita.

A daidai wannan lokaci abubuwa biyu suka sauya. Na farko, yawan jama'a. Yamai da ke da mutum kimanin 30.000 a 1960 ta haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, Maraɗi kuma ta wuce 260.000. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, ita kanta sharar ta sauya hali. Leda ta maye gurbin ganye da ƙwarya da faifai. Ledar ruwan sha ta biyo baya, sannan batura da robobi. Leda ba ta ruɓewa. Manomin da ya kai juji gona sai iska ta rataye masa baƙaƙen ledoji a kan kowace ƙaya, mahauta kuma su riƙa tarar da su cunkushe a tumbin tumaki da shanu. Darajar juji ta faɗi. Abin da a da ake roƙo a ba ka, yanzu sai ka biya a raba ka da shi.

Gwamnati ta amsa da dokoki. Ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsabtar jama'a mai lamba 93-13, wadda ta hana zuba shara a kan hanya. Ranar 29 ga Disamba 1998 doka mai lamba 98-56 kan kula da muhalli ta zo da ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata shi zai biya. A watan Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265, sannan kundin 2010 na hukumomin yankuna, mai lamba 2010-54, ya ɗora wa ƙaramar hukuma tattara sharar gidaje da kwashe ta da sarrafa ta. A takarda rabon aikin sarai yake: gwamnatin tsakiya ta tsara doka ta sa ido, jiha ta tsara ci-gaban yankinta, ƙaramar hukuma ta yi aikin yau da kullum.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi da kayan aiki. Kwasar shara zango uku ce. Na farko daga ƙofar gida zuwa jujin unguwa. Wannan masu amalanke da ƙungiyoyin matasa da na mata ke yi, gidaje na biyan su a wata. Na biyu daga jujin unguwa zuwa bayan gari, wanda ke buƙatar mota da mai da kanikanci. Na uku shi ne wurin da za a binne ko a sarrafa. Yawanci a zango na biyu igiyar ke tsinkewa: harajin da ake tarawa ba ya isa, mota ta lalace, jujin wucin gadi ya zama tsauni, a ƙarshe a cinna masa wuta ko a cike tsohon kududdufi da shi. Kududdufin nan kuwa shi ne a da ke shanye ruwan sama na unguwar.

Dokar leda ta nuna iyakar takarda. Doka mai lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamba 2014 ta haramta ƙera leda marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita, da amfani da ita. Duk da haka har yau mai ƙosai a leda take zuba wa mai saye. Ruwanda, wadda ta kafa irin wannan doka a 2008, ta yi nasara ne don ta tsare iyakokinta ta kuma samar da madadi. Nijar kuwa tana da iyaka ta kimanin kilomita 1.500 da Najeriya, kasuwannin ɓangarorin biyu kuma cuɗe suke da juna.

A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa zaɓaɓɓun majalisun yankuna, suka naɗa masu riƙo. A daminar wannan shekara ambaliya ta kashe mutum fiye da 300, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Ba shara ce ta kawo ruwan ba, amma a birane toshewar magudanai ta ƙara masa ɓarna.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, gari ya fi tsabta a lokutan da aka san mai alhaki da sunansa, yana kuma da dalilin yin aikin, ko don taki, ko don tsoron tara, ko don kiran ganga. Tsoro da tilas ba abin komawa ba ne. Taki kuwa yana nan, domin mafi yawan abin da gidajenmu ke zubarwa ƙasa ce da toka da abin da ke ruɓewa. In an ware leda tun daga gida, manomi zai sake neman sa. Wannan darasi ne da malami zai iya farawa da ramin taki a harabar makaranta. Ƙungiyoyinmu kuma suna da haƙƙin tambayar hukumar garinsu nawa ta ware wa shara a kasafin bana, da kuma inda motar ke kai ta.