Wuqinxi

Wuqinxi, wato "wasan dabbobi biyar", nau'in qigong ne daga ƙasar Sin, inda ake haɗa motsa jiki a hankali da sarrafa numfashi. Ana danganta shi da likita Hua Tuo, wanda ya rasu wajen shekarar 208. Ya koyar da shi ne domin rigakafin cuta, kuma littattafan tarihi sun ce almajirinsa Wu Pu ya haura shekara 90 da haƙoransa garau.

A maganin gargajiyar Sin, kowace dabba tana da sinadarinta da gaɓarta: damisa itace da hanta, biri wuta da zuciya, beyar ƙasa da saifa, tsuntsu ƙarfe da huhu, barewa kuwa ruwa da ƙoda. Sai dai malamai sun saɓa kan wannan rabo.