Pollock, Jackson

Pollock, Jackson (sunan mutum, 1912–1956). Mai zane ɗan Amurka, haifaffen Cody a jihar Wyoming, jigo a salon zanen da ba ya kwaikwayon siffar mutum ko dabba, sai launi da layi.

A 1945 ya auri Lee Krasner, ita ma mai zane, suka koma Springs a Long Island, ya mayar da wani tsohon rumbu ɗakin aiki. Daga 1947 ya riƙa shimfiɗa ƙyallen zane a ƙasa, yana zagaya shi da gwangwanin fentin gida a hannu, yana ɗiga fenti da sanda ko busasshen burushi, wani lokaci har ya taka ƙyallen. Masu cewa watsa fenti kawai yake yi ba su duba da kyau ba, domin kaurin kowane layi ya danganta da saurin hannunsa da ruwan fentin. A zanensa *Full Fathom Five* na 1947 har ƙusoshi da taba sigari sun manne cikin fenti.

Giya ta daɗe tana wahalar da shi. Ya mutu a haɗarin mota ranar 11 ga Agusta 1956, yana ɗan shekara 44.